Inda Man Motar Mama Yake Tafiya

Samaru, Zariya
9 ga Maris, 2003

Zuwa ga ƙanena Mordecai,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kuma sanyin Jamus bai ƙarasa busar da kai ba, don a hoton da ka aiko na ƙarshe duk ka zama wuya. Ka riƙa cin abinci. Mu nan lafiya lau. Stephanie ta shiga aji uku, maigidana Dominic yana nan da aikinsa na coci. Mama kuwa sai godiya. Gwiwoyin suna nan yadda ka bar su, kuma yanzu in rana ta yi zafi numfashi yana yi mata wuya. Likita ya ce hutu, ni ma na ce hutu, ita kaɗai ce ba ta ce ba.

Mota ta iso. Abokinka Olusegun na Sabon Gari ne ya tuƙo ta daga Legas har ƙofar gida. Muka ɗauko Mama a kujera muka fito da ita, ta shafa motar tun daga fitila har baya, ta yi addu'a, ta yi kuka, ta ce autanta ya saya mata ƙafafu. Ni ma na yi kuka, amma kada ka ɗauka don kai na yi. Allah ya saka maka, Auta. Mun san ba daga yalwa ka yi ba.

Kamar yadda muka shirya, makullin yana hannun Baban Stephanie, tunda shi ya iya tuƙi, kuma aikinsa yana ƙarewa da tsakar rana. Ni ina makaranta har yamma saboda darasin 'yan jarrabawa.

Sai dai akwai magana. Ka rubuto cewa wannan mota lasar mai take yi, ba sha ba. To ko dai an canza ta a jirgin ruwa, ko kuma ƙishin Zariya ya kama ta. A cika tanki yau, kafin sati biyu allurar da ke nuna mai ta kwanta. Abin da kake aikowa na mai ba ya kai mu ƙarshen wata. Ban faɗa don ka ƙara ba, na faɗa don kada ka ji a bakin wani.

Mama ta ce ka nemi coci, ka nemi mata, a jere kamar yadda ta faɗa.

Yayarka,
Janet

Hamburg
4 ga Afrilu, 2003

Yaya Janet,

Na samu wasiƙarki, na ji daɗi ƙwarai. Ina lafiya, karatu da aikin sito suna ta gwabzawa a kaina, amma ina ci ina ƙoshi. Ki gaida Mama, ki ce coci na samu tuni, saura ɗayan. Ki gaida Yaya Dominic da Stephanie.

Zancen mai ya ba ni mamaki. Motar nan na riƙe ta kusan shekara kafin in aiko. Tanki ɗaya yakan kai ni kilomita ɗari bakwai a babbar hanya, har da saura. Da gangan na zaɓe ta. Injinta ƙarami ne, amma yana da abin da ake kira turbo, wani ɗan fanka ne da ke cusa wa injin iska idan an taka totur, sai ƙaramin inji ya yi ƙarfin babba. In ana tafiya a hankali fankan yana hutawa, motar ta ci kaɗan. In aka taka da ƙarfi ya farka, to nan sai ta ci kamar babbar mota. Na san hanyarku ba tamu ba ce. Daga Samaru zuwa Kwangila zuwa PZ tsaya-tafi ne, ga 'yan acaɓa, ga ramuka, kuma na san ranar Lahadi Mama ba za ta wuce kowa a hanyar coci ba sai an cusa shi. Duk na yarda. A ce ta ci rabi a kan nata, ba zan yi musu ba. Amma tanki a sati biyu, don asibiti da coci kawai?

Ki ce wa Yaya Dominic ya sassauta ƙafa. Kuma ya tuna abin da na faɗa tun farko: in an tsaya kada a kashe ta nan take, a bar injin ya ɗan yi aiki a tsaye, turbo ɗin ya huce.

Ki yi mini abu ɗaya. A gaban direba akwai lamba mai ƙirga tafiya. Ki duba ta ranar da aka cika tanki, ki sake dubawa ranar da ya ƙare, ki rubuto mini. Kuma a kai ta garejin da Olusegun ya sani a duba ko tana yoyo.

Naki,
Mordecai

Samaru
1 ga Yuni, 2003

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Damina ta sauka, masarar bayan gida ta tsiro. Stephanie ta yi zazzaɓi amma ta warware. Mama ce abin mamaki. Ƙafa ba ta canza ba, amma tana cin tuwo ta nemi ƙari, har waƙar Zumuntar Mata nake jin tana yi a ɗaki. Rabon da in ji wannan tun kafin Baba ya rasu.

Na yi aikin da ka ba ni, ni da na tsani lissafi tun ina firamare. Tanki ɗaya bai cika kilomita ɗari biyu ba. Na sake gwadawa da na biyu, ya ma fi na farko muni. An kai ta gareji, sun ɗaga ta, sun leƙa, sun shinshina, sun ce ko ɗigo ba ta zubarwa. Makaniken ya ce lafiyarta ta fi tasa.

Ga wahalar mai ta dawo. Layi tun daga gidan mai har ya sha kwana, 'yan bumburutu kuwa sun cika bakin titi da galan-galan, suna sayarwa yadda suka ga dama. Baban Stephanie yakan wuni a layi ranar Asabar.

Na tambaye shi ina suke zuwa da Mama in ba na nan. Ya ce shan iska. Na tambayi Mama, ta ce shan iska. Ka san shi, magana a bakinsa sai an ciro da ƙugiya, shekara goma sha wani abu ina fama. Ban san abin da zan ce maka ba, Auta. Lambar dai ga ta nan, ka yi da ita yadda masu ilimi suke yi.

Yayarka,
Janet

Hamburg
6 ga Yuli, 2003

Yaya Janet,

Ina gaisuwa. Na yi murna da jin Mama tana cin abinci. Ina lafiya.

Na daɗe da wasiƙarki a aljihu ban amsa ba, don amsar ba ta da daɗi. Na juya lissafin ta kowace fuska. Na sa gosulo, na sa lodi, na sa ƙafa mai nauyi, na sa zafin rana. Babu yadda za a yi motar nan ta ƙone tanki a kilomita ɗari biyu. Ba ta yoyo, ba ta tafiya mai nisa, mai kuma yana ɓacewa, a daidai lokacin da galan ɗaya yake tsada a bakin titi. Yaya, ba sai na ƙarasa ba. Tiyo ake sa wa tankin nan. Makulli kuma a hannun mutum ɗaya yake.

Ban ce mugu ba ne. Na san albashin coci, na san nauyin gida. Da ya ce mini yana cikin matsi da na san yadda zan yi. Amma dare nake yi ina ɗaukar kwalaye don Mama ta je asibiti a zaune, ba don a sayar da man a Kwangila ba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba.

Na kira Olusegun a waya. Zai zo ya karɓi motar ya ajiye a shagonsa, in an samu mai saye a sayar. Ranar asibiti a ɗauki shatar tasi, ni zan biya. Ki yi haƙuri, na san mijinki ne.

Mordecai

Samaru
12 ga Agusta, 2003

Mordecai,

Muna lafiya, ban da Mama. Ta koma kwanciya, ta koma tura kwano gefe. Gaisuwar ke nan, don yau ba ni da doguwa.

Wayarka ta riga wasiƙarka zuwa da sati uku. Olusegun ya zo ranar wata Laraba, yana ta sosa ƙeya, ya ce kai ka aiko shi. Ba mu san dalili ba, shi ma ya ce bai sani ba, amma idonsa ya sani. Baban Stephanie ya shiga ɗaki ya ɗauko makulli da takardu, ya ciro matashin Mama daga kujerar baya, ya miƙa. Olusegun ya tuƙa motar ya tafi. Da wasiƙar ta iso na karanta ni kaɗai, sannan na yi abin da har yanzu yake ci mini rai: na kai masa, na tsaya a kansa, na ce ya gaya mini gaskiya. Ya karanta har ƙarshe, ya ninke, ya ba ni. Ya ce, “Ke ma, Maman Stephanie?” Ya ɗauki Littafinsa ya tafi coci. Tun ranar a gidan nan sai gaisuwa.

To bari ka ji inda manka yake tafiya.

Kwana kaɗan bayan haka na dawo daga makaranta na tarar da tsofaffi mata cike da tsakar gida. Maman Remi ce daga Muciya, wadda rumfarta take kallon ta Mama a kasuwar Sabon Gari lokacin da suke sayar da atamfa, da wasu uku daga Unguwar Gabas. Bas suka hau, da sandunansu. Maman Remi ta riƙe hannuna ta ce sun ga kwana biyu mota ba ta zo ba, shi ne suka ce ko jikin ne. Na ce wace mota, zuwa ina? Ta dube ni kamar na zo daga wani gari.

Ashe tun satin da motar ta iso, da na fita Mama sai ta yi wanka, ta ɗaura zanen Zumunta, ta sa surukinta ya ɗauke ta ya sa a baya. Ka san shekarun da ta yi ƙafa ba ta kai ta ko'ina. A cikin shekarun nan mazan ƙawayenta sun mutu ba ta je ta'aziyya ba, an haifi jikoki ba ta je barka ba, an yi aure, an yi jinya, duk sai dai ta aika ni, ni kuma in je a tsaye in dawo. Mu muna ganin an wuce wurin. Ita tana riƙe da kowane gida a ranta. Shi ne ta bi su ɗaya bayan ɗaya, Muciya, Unguwar Gabas, har cikin lungunan da ban san mota tana shiga ba.

Amma ba ta iya sauka. Shiga da fita ɗaya a rana ma da hawaye take yi. Sai a tsaya a ƙofar gida, Baban Stephanie ya shiga ya yi sallama, mutanen gida su fito su shigo wurinta. Kujerar baya ta zama ɗakin baƙi. A nan ake ta'aziyyar wanda ya mutu shekara huɗu, a yi kuka sabo, a yi addu'a, a kawo jariri wanda har ya fara gudu a ɗora mata a cinya. Kuma ka san gaisuwar Mama, sai ta tambayi lafiyar akuya. In aka rufe gilashi zafi ya hana ta numfashi, in aka buɗe ƙura da hayaƙin acaɓa su sa ta tari. Saboda haka injin yana aiki, esi yana hura mata sanyi, tun azahar har rana ta yi sanyi. Shi kuma yana zaune a kan dakalin mutane yana jira. Maman Remi ta ce har kujera suka ware masa.

Ga shi nan. Motarka ba tafiya take yi ba, zama take yi. Lambar da ka sa ni dubawa ba ta ƙirga zama.

Na shiga wurin Mama na ce don me aka ɓoye mini. Ta ce don ta san ni, da na ji zan kawo maganar likita in kulle ƙofa, kuma gaskiyarta ne, da na kulle. Ita ta sa shi ya yi mata alkawari ba zai faɗa ba. Ba ta san abin da ka rubuto ba, ta ɗauka motar ce ta lalace. Da na gaya mata, sai ta ce, “Yaron nan da yake ɗaukata kamar jaririya, shi aka kira ɓarawo saboda ni?” Ta juya fuska bango.

Gida ɗaya ya rage mata, na Mama Bibiana a Dogarawa. Ka tuna ta, mai kantin zare, wadda ta goya ka ranar da aka yi gobara a layinsu. Ta bar ta a ƙarshe don ta ce wannan wuni guda za ta ci. Yanzu Maman Remi ta ce Mama Bibiana tana kwance, jikin ya yi nisa, 'ya'yanta sun fara zuwa daga kudu. Na ce mu ɗauki tasi. Mama ta ce wane mai tasi ne zai tsaya mata wuni, kuma a tasi wa zai hura mata sanyi? Ban da haka ta ce ba za ta shiga motar kowa ba sai wadda Baban Stephanie yake tuƙawa.

Na je wurin Olusegun. Motar tana nan an lulluɓe ta, wani ɗan kasuwa ya zo ya gani sau biyu. Ya ce ba zai saki ba sai ya ji daga bakinka. Na so in kira ka, na fasa, don abin da zai fito daga bakina a waya ba na 'yar coci ba ne. Wannan takarda ba za ta bi gidan waya ba, yanzu zan kai a tura maka ta faks a lambar wurin aikinka. Ka karanta yau.

Ni na riga na roƙi mijina gafara. Ya ce ya ji. Saura kai.

Janet

Hamburg
13 ga Agusta, 2003

Yaya Dominic,

Ina gaishe ka, in za ka amsa. Wannan taka ce, Yaya Janet ta miƙa maka kawai.

Na kira Olusegun tun da safe, yau zai dawo da motar. Na zauna a ƙasar mutane na yi lissafi a takarda, na kira ka da sunan da ba naka ba, a gaban matarka. Ba ni da hujja. Kana ɗaukar uwata a hannunka, ni ina ƙirga lita. Ka yafe mini don girman Allah. In ba za ka iya yanzu ba, na fahimta, amma ka karɓi makullin saboda Mama.

Ku kai ta Dogarawa. Kada a kashe injin, ko zai sha tankin duka.

Ƙanenka,
Mordecai

Samaru
31 ga Agusta, 2003

Mordecai,

Salama a gare ka. Muna lafiya. Mama ta koma cin abinci. Ni ba gwanin rubutu ba ne, ka yi haƙuri da hannuna.

Takardarka ta zo. Na ji zafi, ba zan ce ban ji ba. Wanda ya fi yi mini ciwo ba naka ba ne, kai kana nesa. Amma ya wuce. Na yafe, ita ma na yafe mata. Kada ka sake kawo maganar.

Olusegun ya kawo motar allura tana ƙasa, gidajen mai kuma a rufe. Galan ɗaya na samu a wurin 'yan bumburutu. Na ce wa Mama mu jira Asabar in shiga layi. Ta ce ba ta da Asabar, Bibiana ma ba ta da ita. Muka tafi washegari, har da yayarka, ta ɗauki hutu ta zauna a gaba tana riƙe da maganin Mama.

Mama Bibiana ba ta iya tashi. 'Ya'yanta maza biyu suka ɗauko ta a bargo suka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar Mama. Ta rame sosai. Da farko Mama shafa mata kai kawai take yi. Can sai na ji sun fara, rabi Hausa rabi Turancin kasuwa, suna zagin wani dillali da ya cuce su tun kafin a haife ka, suna dariya. Suka yi waƙa. Mutanen layin suka taru a jikin motar, yayarka tana kuka tana cewa mura ce.

Wajen la'asar na leƙa na ga allura ta kwanta gaba ɗaya. Na ce, “Mama, mai zai ƙare, ko mu kama hanya?” Ta ce, “Bar shi ya ƙare, Baban Stephanie. Ina za mu je da ya fi nan?”

Ya ƙare. Injin ya yi shiru a nan ƙofar gidan. Muka sauke gilashi, matan layin suka kawo mafitai suka tsaya ta kowace taga suna yi musu fifita, suna karɓar juna, har rana ta faɗi. Olusegun ne ya zo da jarka ya cece mu.

Mama Bibiana ta rasu ranar Talatar da ta wuce. Na kai Mama ta'aziyya a ranar, ita ce ta fara isa. A hanyar dawowa ta ce in rubuta maka in ce wannan karon ba ta makara ba, ta gan ta da ranta.

Gobe muna da barka a Muciya. Ina sassauta ƙafa kamar yadda ka ce, amma kada ka sa rai.

Yayanka,
Dominic